Ɗan takara da littafin da ya ce ya fi so

A watan Disamban 2011, wajen baje kolin littattafai na wani babban gari a ƙasar Meziko, ɗan jarida ya tambayi Enrique Peña Nieto, wanda a lokacin shi ne kan gaba cikin masu neman shugabancin ƙasar, ya faɗi littattafai uku da suka yi tasiri a rayuwarsa. Bawan Allahn nan ya shiga kame-kame, ya ce Baibul amma ba duka ya karanta ba, ya kama sunan wani littafi ya liƙa wa marubucin da ba shi ya rubuta ba, sauran kuma ya ce sunayen sun kwanta masa. Aka yi ta masa dariya a intanet makonni, ƴan jami'a suka ce shi ke nan ya gama yawo. Wata bakwai bayan haka ya ci zaɓe.

Faransa ma da ake ganin su ne iyayen son littafi abin bai bar su ba. A 2011 aka tambayi Frédéric Lefebvre, ƙaramin minista a gwamnatin Sarkozy, littafin da ya fi taɓa shi, maimakon ya ce Zadig na Voltaire sai ya ce Zadig et Voltaire, wanda sunan kantin sayar da tufafi ne. A Amurka Sarah Palin, ƴar takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2008, an tambaye ta jaridun da take karantawa ta kasa kiran sunan ko guda, Trump kuma a 2015 ya ce ba littafin da ya kai Baibul a wajensa, da aka ce to wace aya ta fi burge ka sai ya ce wannan sirrinsa ne. Shi ma ya ci zaɓe.

To me ya sa ƴan jarida ba su daina wannan tambaya ba, kuma me ya sa mu ma nan Damagaram in an zauna fada ana shan shayi sai ka ji ana jayayya wane ya fi wane karatu, wane ya yi iniversite a waje, wane ko jarrabawar birbe bai ci ba? Ina ga dalilin shi ne mai zaɓe ba shi da hanyar leƙa cikin kan ɗan takara. Alkawari kowa na yi, riga kowa na sa mai tsada, mawaƙi duk wanda ya biya shi zai wasa shi. Sai mutane suka ɗauka littafin da mutum yake karantawa shi kaɗai a ɗakinsa, ba mai kallonsa, shi ne zai tona ainihin abin da ke ransa. Tunanin ba laifi. Matsalar ita ce ranar da ƴan siyasa suka gane ana kallon wannan wajen, ranar suka fara yi masa kwalliya, amsar ta koma cikin kayan kamfe kamar hula da fosta.

Duba hoton mulki na Mitterrand shugaban Faransa a 1981, yana zaune a ɗakin karatu da littafin Montaigne buɗe a hannunsa, ai ba katsaham mai hoto ya same shi a haka ba. Obama kuma ya mayar da abin al'ada, duk shekara sai ya fitar da jerin littattafan da ya ce ya karanta, a ciki za ka ga na baƙar fata, na mata, na ƴan Afirka, na tarihi, na kimiyya, kowa ya samu nasa ba wanda aka bari. Ban ce bai karanta ba, mutumin marubuci ne kuma kowa ya shaida yana karatu, amma jerin da ya yi daidai-wa-daida haka har ba ka samun abu guda na shirme a ciki, kai ma ka san an tace. Mai karatu na gaskiya yana da abin kunya a tarin littattafansa, labarin soyayya ko na ƴan sanda da ɓarayi da ba zai so a gani ba.

Mu namu salon daban ne don karatunmu biyu ne. Akwai na lakwal akwai na zaure, kuma ɗan takara mai wayo ya san sai ya nuna yana da hannu a duka biyun. In yana gaban ƴan jarida a Yamai ko yana hira da rediyon Faransa, sai ka ji Faransanci mai nauyi, ana ambaton manyan masana. In ya sauko Birni ko Zango ko ya nufi Mirriya da Magariya mitin, sai a buɗe da aya a rufe da hadisi, ko da kuwa daren jiya wani malami ya rubuta masa a takarda. Ka tambayi ɗan takara ɗari a ƙasar nan littafin da ya fi so a bainar jama'a, kusan dukansu Alƙur'ani za su ce, kuma wa zai ce ƙarya ne? Ba mai iya musawa, ba mai ƙarfin halin cewa to ja mana daga Sabbi mu ji. Amsa ce da ta rufe ƙofar kowace tambaya, shi ya sa ba ta gaya maka komai game da mutumin, ta dai gaya maka ya san inda yake.

Na taɓa shiga falon wani mai neman kujerar depite, ba zan faɗi suna ko jam'iyya ba, gaisuwa ce ta kai mu. Bango guda kabad ne na gilashi, sama an jera tafsiri da manyan littattafan hadisi masu ruwan zinari a gadon baya, an jera su yadda rubutun zai haɗu ya ba da suna guda dogo, ƙasa kuma manyan kundaye na Faransanci. Da na matsa kusa sai na ga rabin na saman ko ledar da aka sayo su ciki ba a ɓare ba, ƙurar hunturu ta kwanta a kan ledar lif. Amma a kan ɗan tebur kusa da kujerarsa akwai wani ƙaramin littafin dokar zaɓe da aka yi fotokofi, ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi, an ja layi da jan biro wajen sharuɗɗan ƙara da ranakun ajiye takardu. Wannan shi ne littafin da mutumin yake karantawa tsakani da Allah, kuma da ɗan jarida zai tambaye shi ba zai taɓa kiran sunansa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙasar nan ba ta taɓa rasa ƴan siyasa masu karatu ba, har ma da masu rubutu, kuma garin nan yana da kaso mai tsoka. Tun farko ai malaman lakwal ne suka kafa siyasar, Diori Hamani mushe ne, wato malamin lakwal, Djibo Bakary mushe ne, Boubou Hama mushe ne. Boubou Hama ma ya rubuta littattafai gommai kan tarihi da al'adun mutanen ƙasar nan, ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1971, kuma shi ne shugaban majalisar dokoki tun 1958 har 1974. Amma a ƙarƙashin wannan majalisar ne aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959 aka koma jam'iyya ɗaya tilo, kuma wannan gwamnatin ta masana ce yunwar farkon shekarun 1970 ta samu tana barci, har Seyni Kountché ya kifar da ita ranar 15 ga Afrilun 1974 aka tsare dattijon da littattafansa duka. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya yi siyasarsa a nan Zinder, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya dawo ya sha ɗauri, shi ne ya rubuta labarin Sarauniya a 1980. Marubuta biyu, ɗaya na cikin masu kora ɗaya na cikin waɗanda aka kora. Yawan karatu bai sa sun tsaya layi ɗaya ba.

Sai André Salifou, haifaffen garin nan a 1942, masanin tarihin da ya rubuta tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19 da wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimun, wanda yau jami'armu ke ɗauke da sunansa. Shi aka ba shugabancin babban taron ƙasa na 1991 don an ga shi ne malamin da kowa zai saurara. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1999 fa? Ko kusa da zagaye na biyu bai je ba, Tandja da Issoufou suka wuce, kuma Tandja da ya ci a ƙarshe kanar ne na soja da ba a san shi da ambaton marubuta a jawabi ba, abin da ya iya shi ne yi wa baƙauye magana yadda zai gane. Wato mun yarda mai littafi ya raba mu faɗa, amma in an zo ƙuri'a sai mu duba wani abin daban, wa ya zo mana gaisuwar mutuwa, wa ya haƙa rijiya, wa ke da jama'a. Ban ga laifin mai zaɓe sosai a nan ba. A ƙasar da alƙaluman hukumomin duniya ke cewa manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, sunan littafi ba shi ne zai sa tsohuwa a Tanut ta dangwala maka ba.

Zaɓen ƙarshe da aka yi ma abin dubawa ne, don duka ƴan zagaye na biyu na Fabrairun 2021 namu ne ta wata fuska. Mahamane Ousmane, wanda ake wa laƙabi da Nafarko, ɗan garin nan, ya karanta lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki a Faransa da Kanada. Mohamed Bazoum ya tashi a yankin Tesker, ya yi lise Amadou Kouran Daga a nan, ya tafi Dakar ya karanta falsafa ya dawo ya koyar. Masanin lissafi da malamin falsafa, in karatu ake nema ai an samu. Amma ka tuna abin da aka yi ta jayayya a kai a fadodi da WhatsApp lokacin, asali ne da takardar haihuwa da yanki da wane ya ci amanar wane. Ban ji inda aka zauna ana auna yadda karatun kowannensu zai shafi farashin hatsi ko matsalar ruwan garin nan ba.

To kenan karatun shugaba ba shi da wani amfani? A nan ne nake rabuwa da masu cewa duk shirme ne. Yana da tasiri, har ma ya fi yadda ake zato, sai dai ba ta inda ake nema ba. Abin da mutum ya karanta tsakanin shekara sha biyar zuwa talatin shi ke gina masa irin tambayoyin da zai riƙa yi in matsala ta taso, da irin maganin da zai fara kai hannu gare shi, ko da ya manta sunan littafin. Misali mafi kusa shi ne tsarin mulkin 1992. Waɗanda suka rubuta shi masana ne na gaske, sun ƙoshi da dokar Faransa, sai suka ɗauko tsarin jamhuriya ta biyar ta can, shugaban ƙasa da firaminista kowa da ikonsa, suka dasa mana. A takarda abin gwanin kyau. Da ƙawancen da ya kawo Ousmane mulki a 1993 ya watse, Issoufou ya ajiye firaminista a 1994, ƴan adawa suka ci majalisa a farkon 1995 Hama Amadou ya zama firaminista, sai ƙasa ta tsaya cik, shugaba da firaministansa kowa na riƙe da kundi guda yana karanto ayar da ta ba shi gaskiya, har taron ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairun 1996 Baré Maïnassara ya raba gardamar da bindiga. Ba jahilci ne ya kai mu nan ba. Mutane ne da suka karanta littattafai iri ɗaya a makarantu iri ɗaya, suka san yadda aka yi zaman doya da manja tsakanin Mitterrand da firaministansa Chirac a 1986 ƙasa ba ta rushe ba, suka ɗauka nan ma haka zai kasance, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko abin da ya riƙe Faransa lokacin yana cikin kundin ne ko yana wajensa.

Haka waɗanda suka kafa jam'iyyar PNDS a 1990, yawancinsu daga ƙungiyoyin ɗalibai da na ƙwadago suka fito, sun sha littattafan gurguzu a ƙuruciya, kuma ko bayan sun rungumi kasuwa da bankin duniya kana jin ɗanɗanon wannan tarbiyya a yadda suka riƙe jam'iyya da tsari da ladabtarwa. Tandja kuma da tarbiyyar bariki ya zo, a ba da oda a ga aiki, ajujuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka, harsashin matatar man da ke kusa da mu a 2008. Wannan tarbiyyar dai ita ce ta sa a 2009 da kotun tsarin mulki ta ce masa tazarce ba ta halatta ba, ya rushe majalisa ya rushe kotun, har aka kai ga juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010. Kowa da abin da ya gina shi, kuma ba ɗaya daga cikin wannan da za ka gano ta hanyar tambayar littafin da ya fi so.

Akwai kuma wani karatun da ba a magana a kai sam, alhali shi ne aikin shugaba na kullum, karatun dosiye. Shugaban ƙasa ko minista ko magajin gari, yininsa a kan takarda yake ƙarewa, rahoton tsaro, kasafin kuɗi, yarjejeniyar haƙar uraniyom ko ta fetur mai shafi ɗaruruwa wadda lauyoyin kamfani suka kwana suna saƙa kowace jimla. Wanda bai saba zama awa biyu da rubutu mai gundura ba, ba zai fara ranar da aka rantsar da shi ba. Abin da zai yi shi ne ya ce a taƙaita masa a shafi guda, daga nan kuma mulki ya koma hannun mai taƙaitawar, shi ke zaɓen abin da maigida zai sani da abin da ba zai sani ba. Mu da muke zaune kusa da matatar mai muna kuma sayen ruwa a wajen ƴan garuwa in rani ya yi, ya kamata a ce wannan ya fi damunmu a kan ko mutum ya san sunan wani marubucin Faransa. Rahotanni kan ruwan Zinder ai an rubuta su ba adadi tun zamanin Turawa, ƙarancin ruwan ma yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ɗan takarar da zai iya zama ya gaya maka daga ina ruwan famfon garin nan ke zuwa, me ya sa ba ya isa, me aka gwada a baya ya ƙi, wannan ya yi karatu ko da bai taɓa buɗe littafin adabi ba.

Wani zai ce to ai malaman zaure fa, su da suke da nasu littattafan mulki tun kafin Bature ya zo? Gaskiya ne kuma abin takaici ne yadda ƴan takararmu ke tsallake su. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, inda yake ta maimaita cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya ɓuya daga talakawansa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano kan yadda ake shugabanci da shari'a, Shehu Usmanu kansa ya rubuta kan bambancin mulkin adalci da na zalunci inda ya lissafa harajin zalunci da cin hanci ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan suna magana ne kai tsaye kan dukiyar baitulmali da naɗa ɗan'uwa a muƙami da karɓar toshi. Ina jin shi ya sa ba a son ambatonsu a mitin, aya kan haƙuri da biyayya ta fi daɗin ja. Da ɗan takara zai ce wannan ne littafinsa, ya ba mu sandar da za mu auna shi da ita gobe, kuma ba kowa ke son haka ba.

A maƙwabta ma an ga irin wannan haɗin na alƙalami da siyasa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar tun 1934 yana malamin makaranta kafin ya zama firaministan Najeriya, Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da waƙa da rubutu suka yaƙi zaluncin masu sarauta, Senghor mawaƙi ne ya mulki Senegal shekara ashirin ya sauka da kansa a 1980, Nyerere yana kan mulki ya juya wasannin Shakespeare zuwa Swahili. Sai dai kar a ruɗe, Stalin ma yana da littattafai dubbai a gidansa, yana karantawa yana rubutu a gefen shafi da fensir, bai hana shi hallaka miliyoyin mutane ba. Akwai mai karatu don ya ji abin da bai sani ba, akwai mai karatu don ya samo hujjar abin da ya riga ya ƙudurta, kuma daga waje kamarsu ɗaya, duka biyun za ka gan su da littafi a hannu.

Wani gefen da ba ma so a taɓa shi ne namu. Muna son shugaba mai karatu amma ina littafin yake a garin? Ka zaga wajen kasuwar Dole, masu shimfiɗa littattafai a tabarma abin da ke tafiya shi ne Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala masu takarda ruwan ɗorawa, sai littattafan Hausa da ake kawowa daga Kano, sai na ƴan makaranta masu shirin birbe da bak. Littafin tarihin ƙasar nan ko na tattalin arziki in ma ka samu kuɗinsa ya kai jaka goma ko fiye, kuɗin cefanen kwanaki, shi ya sa ɗalibi ke ƙarewa a fotokofin fotokofi wanda rabin layin ya goge. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da yara da yawa suka fara aron littafi a cikinta, an cinna mata wuta a zanga-zangar Janairun 2015. Ɗan takarar gobe yanzu haka yana nan cikin fada yana jan waya, abin da ya fi shiga kansa sautin WhatsApp ne na minti bakwai daga wani da bai san ko waye ba. Ba zagi ba ne, ni ma haka nake yini. Amma daga cikinmu za a fitar da shi, ba daga sama zai faɗo ba.

Yanzu dai ba takara ake ba. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojoji ke riƙe da ƙasa, a watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyu aka rantsar da Janar Tiani na shekara biyar, kuma sabon kundin da aka kafa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ko me mutum yake gani game da sauran, wannan na ƙarshen zai taɓa maganar da muke yi in har aka bi shi da aiki. Shekara sittin da wani abu ɗan boko yana da wata kariya, in ya ga an matsa masa sai ya tsere cikin Faransanci, baƙauye ya yi shiru don bai san ta inda zai kama ba. Ranar da aka ce kasafin kuɗin gari da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a ajiye su da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo, malamin zaure da ya shekara talatin yana warware jimlolin Muhtasar masu wuyar tsiya zai iya zama ya warware wa ɗan takara nasa rubutun, kuma ina tabbatar maka irin waɗannan malaman ba a yi musu tsallaken layi.

In lokacin ya dawo, ƴan jaridarmu na rediyo da masu shirya muhawara, don Allah a bar tambayar wane littafi ka fi so, amsarta tana aljihu tun daga gida. A tambaye shi me ya karanta a watan nan, a bar shi ya yi bayani minti uku ba a katse shi ba, wanda bai karanta ba kafin minti ɗaya zai koma kan abokin hamayya. A tambaye shi wane ra'ayi ne yake da shi da can wanda wani rubutu ya sa ya sauya, wannan ita ce mai wuyar, don ɗan siyasarmu gani yake amsa cewa ya taɓa sauya tunani kamar faɗuwa ce. A miƙa masa shafi guda na kasafin kuɗin garin da yake son mulka a ce ya karanta ya fassara wa masu saurare. Na san su ma waɗannan in aka saba da su za a fara haddace amsarsu, masu ba da shawara ai aikinsu kenan, amma haddar bayanin minti uku kan kasafin kuɗi ko ba komai sai an zaunar da mutum an karanta masa kasafin. Sannan a tambaye shi wa zai naɗa daraktan ofishinsa, tunda shi ne zai riƙa karanta masa takardun.